Rasuwar Anatole, Tanderun Shagon Léonie

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Léonie Charvet, matar marigayi Aristide, mai shagon kayan zaƙi a bayan cocin garinmu, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar tanderuna, Anatole. Ya cika ranar Lahadi da hantsi, bayan shekara hamsin da ɗaya a bakin aiki.

Mijina ne ya raɗa masa sunan, wai ya yi kama da wani kawunsa: baƙi, ƙato, ga gurnani da safe. Da an kunna shi sai ya ce "fuum", ya bi da "kas, kas, kas" har ƙarfensa ya ɗauki zafi. Shekara tara ke nan da rasuwar Aristide, kuma tun daga nan wannan gurnanin ne gaisuwar da nake fara samu kullum. Wata ranar ma ita kaɗai ce.

Anatole gwani ne wajen gasa shu, ɗan kek ɗin nan da ake ɗura wa kirim. Masu labari suna cewa wani kukun sarauniya ne ya zo mana da kwaɓin daga Italiya. Kakata kuwa cewa take yi ƙarya ne, wata mata ce ta manta tukunya a wuta. Ni dai ba a gabana aka yi ba. Abin da na sani, ruwa ne da man shanu da fulawa, a tuƙa a kan wuta har ya saki tukunya, sannan a fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Babu yis. Tururin cikinsa ne ke ɗaga shi ya kumbura kamar ɗan kabeji, ya bar ramin da za a ɗura kirim. Shi ya sa ba a buɗe tanderu kafin lokaci, ko gobara ake a waje. Ƙofar Anatole ba ta da gilashi. Amana ce tsakaninmu: in rufe, in juya baya, shi kuma ya yi nasa. Bai taɓa ba ni kunya ba.

Albarkacinsa, duk Lahadi in an taso daga coci layi har bakin titi. Kowa ya karɓi kwalinsa, ya rataya zaren da aka ɗaure shi a yatsa, ya nufi cin abincin rana da iyalinsa. Maƙwabciyata Fernande takan leƙo ta ce, "Ke Léonie, tsofaffi biyu a shago ɗaya, wa zai riga wani?" In ce, "Ke za ki riga mu, da wannan kirim ɗin da kike lasa a hanya." Ni ba ni da teburin da zan kai kwali. 'Yata Maryvonne tana Montréal, can ƙasar Kanada, waya sai ƙarshen wata. Layin nan shi ne iyalina na Lahadi.

Ciwon ya fara ne tun bayan bikin Ista. Ɓangarensa na hagu ya daina ɗaukar zafi, nakan juya masa faranti ban gaya wa kowa ba. Ranar Lahadin, shu arba'in na ciki, sai na ji "kas, kas" ɗin ya tsaya. Na jira ƙamshi, shiru. Tsoro ya kama ni, na yi abin da ban taɓa yi ba: na buɗe. A gabana shu ɗin suka sace suka kwanta, ɗaya bayan ɗaya. Na rufe, na sake kunnawa, bai amsa ba. Mutane suka taso daga coci suka tarar da ni a zaune.

Gaëtan mai gyara ya duba ya ce, "Madam, ba buɗewarki ba ce, cikinsa ya riga ya cinye. Waɗanda suka ƙera irinsa ma sun daɗe a ƙasa. Ki sayi na zamani mai gilashi mana." Na ce, "Ɗana, shekarata saba'in da takwas. Yaushe zan koyi halin wani?"

Ya rasu ya bar tukunyar tagulla, da muciyar da tuƙi ya cinye mata baki, da faranti shida, da kyanwata Mirza wadda ta saba kwana a gindinsa, yanzu ta koma gidan mai burodi. Fernande ta fara sayen shu a babban kanti. Ta ce ba ɗaya ba ne, amma can take zuwa. Sai kuma ni, cikon waɗanda ya bari.

Za a fitar da shi ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, ta ƙofar baya, bayan an cire ƙyauren. Masu sayen tsohon ƙarfe sun ce ana bukatar maza huɗu, su biyu ne kawai. Kada a kawo furanni. Akwai kofi da biskit na kanti, a yi mini afuwa. Zan zauna karɓar gaisuwa a shago daga ranar har Lahadi, da Lahadin da ke biye. Wanda ya zo ya buga ƙofa da ƙarfi, kunnena ya yi nauyi. Kada ya zaci ba kowa.