Ranar da na share su Mahamadu Isa

A duk biron ƙungiyarmu, wato ofishinmu da ke Buza, ni kaɗai na iya XSLT, rubutun kwamfuta da ke sake tsara bayanan da ke cikin fishiyen XML, kuma ban taɓa bari an manta ba. Da damina ta matso, shef, shugaban biron, ya kawo mini sunayen manoman da za a raba wa iri, ƙauye-ƙauye, wasu an rubuta su sau biyu. Na ce ya ba ni minti goma. A minti bakwai na gama, har na nemi shayi.

Ashe maimakon rubutun nawa ya cire maimaici a cikin kowane ƙauye, sai ya haɗe ƙauyukan duka. Mahamadu Isa na farko ya tsira, takwarorinsa na ko'ina suka ɓace.

Ranar rabo, dattawa uku daga wajen Karofane, kowanensu Mahamadu Isa, suka tsaya a kaina hannu wofi. Babbansu ya ce, "Ɗana, mu dai ba mu mutu ba. Wa ya bizne mu?"

Na gyara, kowa ya yi shuka. Amma har yau in na je suna, sai wani ya ce, "Liman, raɗa a hankali. In wannan ya ji jaririn na da takwara, yaron ya tafi ke nan."