Yadda Za Ka Kare Kwamin Iyonka Daga Ƙanƙara a Birnin Kebbi

Kai da ka gina kwamin iyo a bayan gida, matso. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari ruwanka ba zai daskare ba bana. Faruk na Gwadangaji, wanda ya je kwas ƙasar Turawa ya dawo da tsoron ƙanƙara, ya bi su. Har yau nasa bai daskare ba.

Mataki na ɗaya: Sanar da jama'a

Da sanyi ya kama, ka sa kwat mai gashi ka tafi majalisa. Ka dubi sama, ka yi tsaki, ka ce, "Bana sai an yi hattara da bututu." Kada ka yi bayani. Gumin da zai jiƙa ka kuwa, shi ne ladan ilimi.

Mataki na biyu: Rage ruwan

Ruwa in ya daskare fasa kwami yake yi. Faruk ya zura tiyo ta kan katanga, ruwan magani ya malale cikin irin albasar maƙwabcinsa Tamba. Da safe Tamba ya yi sallama.

"Malam Faruk, mi albasata ta yi maka?"

"Tamba, kimiyya ce."

Ka haddace wannan amsar.

Mataki na uku: Rufe shi ruf

Ka aro tampol ɗin sussukar shinkafa, ka shimfiɗa, ka danne da duwatsu. Akuya za ta ɗauka ƙasa ce. In ka ji tsulum, ka shiga da kwat ɗinka.

Mataki na huɗu: Toshe kunne

Laure, matar Faruk, ta ce, "Maigida, randar ga tsakar gida take kwana, ba ta taɓa daskarewa ba."

Ya ce, "Randa ba ta je Turai ba."

Mataki na biyar: Tarbi surukinka

Nan ne hankali ke aiki. Mahaifin Laure, tsohon masunci, ya zo daga Argungu. Ya ɗaga tampol, ya ga ruwa ya yi kore shar, kwaɗi na ta sha'aninsu. Idonsa ya cicciko.

"Ashe kiwon kifi kaka shiri, ɗana? Mutane na ta cewa ka haukace, har na zo in tafi da ɗiyata."

Faruk ya dubi Laure. Laure ta dubi mayafinta.

Ya durƙusa ya ce, "Awo Baba, kifi ne."

Kafin Juma'a 'ya'yan tarwaɗa sun iso a jarkoki. Yanzu Faruk ke ba su abinci safe da yamma, tsohon kuma na bugo waya ya ji lafiyarsu.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi shawarar nan ya wayi gari yana ƙarnin kifi, kada ya nemo ni. Ni a bokiti nake wanka.