Lamba Shida Zuwa Kumasi

Abubuwa da yawa sun bar kaina, har da rabin nahawun Faransancin da na shekara ashirin ina koyarwa, amma ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a shagon Kawu Sale ba.

Lokacin intanet bai iso Wagadugu ba. Mu 'yan tsirarun masu ƙaiƙayin na'ura, abin da muke yi shi ne kwamfutocinmu su riƙa kiran juna ta wayar tarho, suna miƙa wasiƙu daga gari zuwa gari. Duk na'urar da ke cikin harkar tana cikin wani dogon kundi: suna, gari, lambar waya, kowa da layinsa ɗaya. Kundin ya yi tsawon da na'ura ba za ta karanta shi daga farko duk sanda za ta kira wani ba, saboda haka akwai 'yar manhajar da ke yi masa fihirisa: wane yana layi kaza, wane layi kaza. Dokar guda ce tak. In ka taɓa kundin, ka sa manhajar ta sake fihirisa. (Ni ne fa mai ja wa yara kunne a lakwal, wato makarantar boko, don ba su duba fihirisar littafi ba. A riƙe wannan.)

Ina da tsohuwar kwamfuta da modem, abin da ke haɗa ta da waya, amma ba ni da tarho. A duk ɓangarenmu na Zongo, Kawu Sale dillalin goro ne mai shi. Ya ba ni aro na wata guda bisa sharaɗi: in nuna masa a gaban abokansa cewa akwatina zai kai wasiƙa Kumasi, inda yake sayo kaya. In ya kai, tarho nawa ne kullum bayan la'asar. In bai kai ba, in kwashe tarkacena.

Sai dai sunana bai shiga kundin ba tukuna. Mai kula da shi a ƙasarmu wani ma'aikacin asibiti ne a unguwar Gounghin, mutumin da ko atishawa zai yi sai ya duba doka. Ya ce in jira Juma'a, ranar da ake raba sabon gyara. Na ce a raina, ni da na karanta littattafan da ko sunansu bai iya furtawa, in jira Juma'a? Na buɗe kundin na rubuta kaina da hannuna, na sa lambar Kawu, a daidai saman layin Kumasi don dattawa su ga mu biyu kafaɗa da kafaɗa. Har da “Farfesa” na ƙara. Fihirisa kuwa, sake ta na cin lokacin da za a dafa shayi zagaye uku, ga baƙi sun fara jingine baburansu na mobilet a ƙofa. Na ce aikin masu tsoro ne.

Dattawa biyar suka zauna kan buhunan goro. Na yi musu lacca ta rabin awa kan ci gaban zamani, da irin muryar da ake yi wa 'yan aji ɗaya. Sannan na danna.

Modem ya yi ƙat-ƙat-ƙat irin ta bugun lamba, sai tuut, tuut, tuut.

“Okupe,” na ce, wato wani na kan layin. “Mutanen Gana kenan. In suka kama waya kamar sun kama gado.”

Na sake. Okupe. Na zagi gidan waya, na zagi damina, na ɗan taɓa gwamnati. Karo na uku ina shirin zagin Turawan da suka shimfiɗa wayoyin, sai na ga Kawu, wanda bai taɓa taka ajin boko ba, ya karkata kunne yana lanƙwasa yatsu.

“Mushe,” ya ce (wato monsieur na Faransanci; haka yake kirana in yana so ya tuna mini ni malamin lakwal ne kawai), “Kumasi ta taso ta dawo kusa ne?”

“Kawu, wannan fanni ne mai zurfi.”

“Na sani. Amma ni in zan kira Kumasi sai yatsana ya gaji. Wannan shida ta buga ta tsaya. Sake mu ji.”

Na sake. Ya ƙirga ƙat-ƙat ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi lambobin da ƙarfi. Lambar shagonsa ce. Fihirisa tana nan kan tsohon saninta cewa Kumasi na layi kaza, ni kuwa na ture Kumasi ƙasa na zauna a wurinta. Na'urata kanta take kira, a kan wayar da ita ce ta riƙe.

Alhaji Nuhu, ɗaya daga cikin dattawan, ya cire goro daga baki don dariyar ta samu hanya. “Sale, ɗan naka yana cikin ɗaki yana yi wa kansa sallama, kuma yana fushi ba a amsa ba!”

“Farfesa ne fa,” in ji wani da ya leƙa allon.

Na ce a ba ni ɗan lokaci in gyara. Kawu ya ce lokacin la'asar ya yi, ya zare wayarsa, ya naɗe ta a hankali kamar rawani.

Juma'a ta zo, mutumin Gounghin ya cika alkawari: sunana ya shiga kundin duniya, da lambar Kawu. Daga ranar na'urorin Lome da Dakar suka fara kiran shagon goro. Kawu ya ɗauka ya yi sallama, na'ura ta yi masa fito a kunne. Sai ya leƙo ya ƙwala, duk unguwa na ji: “Mushe! 'Yan'uwanka farfesoshi ne!” Cire sunan ma sai da ya jira wata Juma'ar.

Tun daga nan, in na ji duniya kaf ta zama okupe, ba na fara zagin mutanen Gana. Nakan ƙirga lambar da nake kira tukuna.