Rasuwar Ajja, Jirgin da Lemon Tsami Ya Kayar

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da garin katako, ni Puttaswami Achari, kafinta ɗaya tilo da ya rage a masana'antar ƙera jirage masu saukar ungulu da ke bakin garin Bengaluru, nake sanar da 'yan'uwa, da abokan aiki, da waɗanda suka yi ritaya amma har yau ba su daina zuwa cin abinci a kantin ma'aikata ba, rasuwar jirginmu na katako, wanda kowa ya fi sani da Ajja, wato Kaka. Ya rasu da hantsin ranar Ayudha Puja, bikinmu na shekara na yi wa kayan aiki addu'a, a gaban jama'a, da furanni a wuyansa, bayan doguwar jinyar da bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ga yaran yanzu da suke tsammani daga sama ya faɗo, ga asalinsa. Lokacin da sojoji suka ce suna son jirgin yaƙi ƙirar gida, injiniyoyi suka ƙi yanka ƙarfe sai sun ga abin da idonsu. Aka kira mu kafintoci, aka ce mu ƙera shi da katako, daidai girman na gaske, domin matuƙa su shiga su zauna su faɗi inda gwiwa take bugewa. A hannunmu aka haife shi, kafin duk wani mai tashi sama a gidan nan ya zo duniya. Shi ya sa ake ce masa Kaka, kuma bai taɓa musa ba.

Marigayin ɗan asali ne gaba da baya. Katakonsa daga dazukan Shimoga aka sauke. Gam da fenti daga Peenya na sayo da ƙafata. Tayoyinsa uku na keke mai ƙafa uku ne. Rigar kujerar matuƙi, matata Gangamma ce ta ɗinka da tsohon zanenta na biki, kuma har gobe tana yi mini gori a kai. Ƙusar da ke riƙe farfelarsa ma ta itace ce, kaurin dantsen yaro, ni na sassaƙa ta. A ƙirjinsa muka kafa ɗan allon tagulla, an rubuta: ɗari bisa ɗari ɗan ƙasa.

Halayensa na kirki ba sa lissafuwa. Bai taɓa faɗuwa ba sai sau ɗaya. Bai taɓa shan ɗigon mai na gwamnati ba. Bai taɓa kwanciya wata da watanni yana jiran wani ƙarfe ya iso daga ƙetare ba, abin da jikokinsa, jiragen ƙarfe na gaske, suka mayar sana'a. Ya zaga wuraren baje koli a bayan tirela, yaran makaranta sun hau shi, sun ja shi, sun manna masa cingam, bai ce uffan ba. Gaskiya ne bai taɓa tashi sama ba. To, ɗan Adam ma tara yake, bai cika goma ba.

Wanda ya san masana'antarmu ya san gardama ɗaya ce take ci ba ta ƙarewa: jirgin da muke ƙera wa sojoji, nawa ne namu a cikinsa, nawa ne na aro? Masu jawabi su ce ya kusa zama namu duka. 'Yan jarida su ce fenti ne kawai namu. Injiniyoyi su ce ya danganta da yadda ka ƙirga, ko da nauyi ko da tsada. Ni ban taɓa wahalar da kaina da wannan ba, domin ina da Ajja.

Abokin gardamata shi ne Mastan Sab, makaniken da yake buɗe akwatunan injina idan sun iso daga Turai. Kullum ƙarfe goma muke haɗuwa a kanti, mu sayi kofi ɗaya a raba mana biyu, kuma doka ce tsakaninmu, wanda ya ci gardamar ranar shi yake ɗaukar kofin da ya fi cika.

"Achari," zai ce, "jikokin nan naka da suke fankama a sama, zuciyarsu a akwati take zuwa. Ni nake cire mata leda."

"To je ka duba Ajja, ka gani ko akwai leda."

"Shi da ko tsalle ba ya yi?"

"Ba ya yi, amma na gida ne. Kai kuwa, Sab, ɗan dakon kayan wasu ne, sai dai an ba ka yunifom."

Sai 'yan kanti su kwashe da dariya, shi kuma ya shafa gemu, ya turo mini kofin da ya fi cika. Shekara ashirin da ɗoriya ina shan babban rabo. Ban ɓoye ba, daɗi nake ji.

Ku fahimce ni. Ƙarshen watan gobe zan yi ritaya. Ban gina gida ba, ɗana yana Dubai yana ɗaura wa wasu na'urar sanyaya ɗaki, sashen kafinta kuma za a rufe shi ranar da na miƙa makulli, domin yanzu a kwamfuta matuƙa suke buge gwiwa. Abin da na tara a duniya shi ne allon tagullan nan. Manaja Hegde ya yi mini alkawari ranar sallamata za a cire shi daga ƙirjin Ajja, a karanta shi a gaban kowa, a ba ni in tafi da shi. Har Gangamma ta kafa ƙusa a bangon falo tana jira.

Masu tuna muryar marigayin sun san ta kasu biyu. A ƙuruciyarsa, idan iska ta juya farfelarsa, cewa yake ƙiƙ-ƙaƙ, ƙiƙ-ƙaƙ, kamar tsohuwar ƙofa. Daga shekarar da muka kai shi baje kolin Mysuru muryar ta sauya, ta koma fiii, sumul, ba gargada. Na ce man kwakwar da nake shafa masa ne. Gangamma ta ce alwashin da ta ɗauka a wurin ibada ne. Muka bar shi a haka, kowa da nasa.

Ciwon ajali gara ce. Ta shiga ta ƙafar baya, ta bi ta ciki, ta bar fenti a tsaye lafiya lau. A 'yan shekarun nan, in ka jingina da shi, sai ka ji wani ɗan tsss a can ciki, mu kuwa muka ɗauka tsufa ne. Iyalan marigayin suna so a sani cewa garar ma 'yar gida ce, a nan cikin harabar aka haife ta. Ta wannan ɓangaren ba mu da ƙorafi.

Ranar Ayudha Puja aka wanke komai kamar kullum, daga sifana har jirage. Aka ɗaura ganyen ayaba, aka shafa turaren sandal da jan gari, aka fasa kabewa a bakin rumfa. Sannan aka sa lemon tsami a ƙarƙashin kowace taya, domin abin hawa ya taka, lemon ya ɗauke masifar shekara a madadinsa. Ajja ya daɗe bai motsa ba, saboda haka ni nake taka masa lemonsa da dugadugina, don girmama tsufansa. Bana sai Manaja Hegde ya dafa kafaɗata.

"Achari, shekararka ta ƙarshe ce. Bari tsoho ya taka abinsa da kansa, a ɗauki hoto."

Da na ce a'a da yanzu ba ku karanta wannan. Amma na hango Mastan Sab yana murmushi a gefe, sai na ce a tura.

Ƙarti suka sa kafaɗa. Tayar gaba ta hau lemon. Lemon ya ce bai san zancen ba. Ajja ya ɗan ɗaga hanci, karo na farko a rayuwarsa, har wani ya fara tafi. Sai muka ji ƙarass. Ƙafafunsa suka shige cikinsa, wutsiya ta zauna, farfela ta sauko a hankali ta rufe shi kamar laima. Malamin ibada ya tsaya da tsinken turare a hannu, baki buɗe. Mastan Sab ya ce innalillahi. Da ƙura ta lafa, ga lemon nan a zaune, ko ƙwarzane babu.

A cikin wannan shirun marigayin ya yi maganarsa ta ƙarshe. Wani abu ya gangaro daga cikin ɓaraguzan, ya bi siminti yana ƙililin, ƙililin. Duk kafinta ya san itace ba ya wannan kuka. Kafin mutane su waiwaya, Mastan Sab ya ɗora takalmi a kai, ya sunkuya kamar zai ɗauki lemon, ya zura abin a aljihu. Kowa yana kallon gawa. Ni kaɗai nake kallonsa.

Bayan an raba gugguru na shinkafa da alewa, na same shi a kanti shi kaɗai.

"Sab, fito da shi."

"Da me?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Fito da shi."

Ya ajiye a tebur. Ƙusa ce ta ƙarfe, daidai kaurin wadda na sassaƙa, an shafa mata fenti ruwan ƙasa don ta yi kama da itace. Inda fentin ya ɓare, ga rubutun Turawa da lambobi, irin na jikin akwatunansa.

"Tun Mysuru," ya ce. "Ka tafi cin abinci, na hau in gyara tuta, na ga ƙusarka ta itace ta tsage har rabi. Ga yara cike a ƙarƙashin farfela suna shan inuwa. Wannan tana cikin jakata, ta wani inji ce da aka yar. Na sa ta, na yar da taka a kwata."

"Kuma ka yi shiru?"

"In faɗa maka ka mutu? Kai da ba ka da komai sai wannan allon."

"Ina ce maka ɗan dako a gaban mutane."

"To ƙarya ka yi? Ai dakon nake." Ya mayar da hannu zai ɗauke ƙusar. "Ba wanda ya gani, Achari. Ka karɓi allonka ka kai wa Gangamma, kada ƙusar bango ta yi zaman banza."

Wallahi kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Kullum ƙarfe goma mutumin nan yana zuwa da maganar da za ta rufe mini baki har abada, sai ya haɗiye ta da ƙaramin kofi. Na kwana biyu ina juya abin. Zan iya yin shiru in karɓi allon, shi ba zai taɓa faɗa ba. Amma ba zan iya tsayawa ana karanta allon, Mastan Sab yana cikin masu tafi ba. Saboda haka ga gyara, a rubuce, da sa hannuna: marigayi Ajja ɗan ƙasa ne duka, ban da abin da ya riƙe masa kai. Masu ƙirga da nauyi da masu ƙirga da tsada su je su yi lissafinsu, ni na gama nawa.

Ya rasu ya bar jikoki masu yawa suna shawagi a kan duwatsun arewa, kowanne da zuciyar aro da ƙashin gida, muna roƙon Ubangiji ya sauke su lafiya. Ya bar wata kyanwa da 'ya'yanta huɗu da suke haya a wutsiyarsa. Ya bar gara, wadda yanzu ba ta da matsuguni, kuma an gan ta tana leƙen ofishin Manaja. Ya bar zanen Gangamma, ta karɓi abinta ta ce dama aro ne. Ya kuma bar lemon tsami guda ɗaya, yana kan tagata, ba na iya kallonsa.

Za a yi jana'iza, a ƙone shi bisa al'adarmu, ranar Asabar da safe, a filin bayan rumfar kafinta. Kada kowa ya wahala da kawo itace, marigayin ya zo da nasa. Ni zan kunna wutar, tunda ni ne mafi kusa. Tokar za mu kai ta kogin Kaberi ni da Gangamma a motar haya, in dai ba ta sake tayar da zancen zanen a hanya ba.

Ƙusar ƙarfen wuta ba ta cinta, saboda haka Mastan Sab ya ce a ba shi, su Musulmi dama binnewa suke yi. Za a haƙa mata rami a gindin bishiyar darbejiya ta bakin kanti. Na roƙi Manaja Hegde ya ba ni allon tagullan tun yanzu, ya ba ni. Za a sa shi a rami ɗaya da ƙusar, su je can su ƙarasa gardamar.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su zo da furanni, kada su zo da lissafin kashi nawa cikin ɗari, kuma don Allah kada kowa ya zo da lemo.

Bayan an watse, ƙarfe goma, za a sayi kofi ɗaya a raba biyu. Wanda ya fi cika na Mastan Sab ne, daga ranar har in miƙa makulli.