Yadda Injiniya Ɗantani Ya Yi wa Jirgin Kakansa Fikafikai

Da sunan Mai kora ruwa inda ya ga dama muke buɗe tarihin gwarzon zamani, ma'abocin hisabi, barden kwamfuta, Injiniya Ɗantani ɗan Manu, ɗan Gwadabe Mai Gizago wanda ya sassaƙa jirgin tsere daga gungumen maɗaci guda, ɗan Bagudu Maganin Kada, wanda a ƙarshe kada ne ya cinye shi, ko da yake zuri'a ba ta son a faɗa.

Amma ba'adu, Tungar Gwadabe ta shekara tara tana shan kashi a hannun Tungar Maikada a tseren jiragen ruwa na bayan girbi. Sharaɗin kakanni kuwa shi ne, wanda aka kayar sau goma a jere zai miƙa filafilin kakansa, a rataye shi a zauren abokan gaba har abada. Baffa Labbo, Sarkin Jirgin tunga kuma ƙanin mahaifin Ɗantani, shi ke riƙe da filafilin Gwadabe, kuma tsoron rabuwa da shi ya hana shi cin tuwo da daɗi.

Ana cikin wannan musiba sai ga sadauki ya sauko daga birni, inda yake tun yana ɗan shekara bakwai, kwamfuta a hammata, tabarau a goshi. Ya ga jiragen tseren Turai a waya, masu fikafikai a ƙarƙashi, waɗanda in sun ɗau gudu sai cikinsu ya rabu da ruwa. Ya daki ƙirji ya ce, "Baffa, bana ba tuƙi za mu yi ba, tashi za mu yi!"

Nan aka ɗaura yaƙi. Ya sa aka kawo matuƙa goma sha biyu, ya ɗora su ɗaya bayan ɗaya a sikelin shinkafa, ya auna tsawon jirgi da faɗinsa, ya auna gudun kogi, ya ɗura wa kwamfuta duka, ita kuwa baiwar Allah ta kwana arba'in tana zana fikafikai tana rushewa, tana lanƙwasa wannan tana fiƙe wancan, har siffa dubu huɗu, kafin ta fid da guda ɗaya tilo ta ce duk duniya babu kamarsa. Mai walda ya ƙera shi da alminiyon. Aka huda cikin jirgin Gwadabe wuri takwas don a ɗaura fikafikan, Baffa Labbo na tsaye yana salati. Da aka ce a gwada a ruwa, sai jarumi ya yi murmushin masana ya ce kwamfuta ta gwada sau dubu huɗu, kuma 'yan Maikada na da ido. Aka lulluɓe jirgi da tabarmi.

Ranar gwabzawa, gaɓa ta cika maƙil, mata na guɗa. Matuƙa sun zauna ke nan sai ga Cindo makaɗi ya ratso taro da gangarsa, mutumin da ake ɗinka wa riga da yadi goma sha biyu, ya taka jirgi ya zauna daram a gindi. Jirgin ya yi nishi.

"Baba Cindo, ina kuma za ka?" in ji Injiniya.

Baffa Labbo ya ce, "Kai, ɗan nan! Jirgin tsere ya taɓa fita ba makaɗi? Wa zai ba su taki?"

"Amma ba a auna shi ba!"

"Matuƙa ka ce a kawo maka. Cindo ya taɓa tuƙi?"

Kafin hisabi ya buɗe baki aka busa ƙaho. "Gwadabe! Gwadabe!" Rundunar ta zuba filafilai, ganga ta ɗau zafi, kuma wallahi, mu da muka gani muna shaida, alƙawarin kimiyya ya cika rabi: goshin jirgi ya tashi sama cikin izza da ɗaukaka, gindi kuwa ya bi Cindo ƙasa, har jirgin ya miƙe tsaye kamar akuya mai cin ganyen katanga. Matuƙa suka gangaro kan makaɗi ɗaya bayan ɗaya, duka suka zube a kogi. Ruwan iya ƙugu ne. Cindo ya fito da ganga a ka, ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Da la'asar Baffa Labbo ya ɗauko filafilin da hannunsa, ya goge shi da hannun riga, ya miƙa. Bai yi kuka ba, amma mu mun yi.

Shi kuwa barde ya koma fagen fama, ya ɗora Cindo a sikeli, ya ƙara nauyinsa a lissafi. Wannan karon kwamfuta ba ta nemi kwana arba'in ba. Kafin shayi ya huce ta ba da fatawa: a cire fikafikan. Zanen da ta nuna, jirgin Gwadabe ne sak, yadda tsohon ya sassaƙa shi.

Fikafikan suna bayan gida, ana shanya kifi a kansu. Baffa Labbo kuma har yau ta bayan gari yake zagayawa in zai je kasuwa, don hanyar gaba ta ƙofar zauren Maikada ta bi.