Ciwon 'Yan Ofis

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na yi niyya kuwa, domin kafaɗata ta dama ba za ta bari ba. Ita ce ta ba da shaida a kaina a gaban likita a birnin Sabha, ina zaune ina sauraro.

A shekarun da man fetur ya yi daraja, Libiya ta zama kamar gidan biki, ana jiyo ƙamshinta daga nesa. Ni ma na jiyo. Na kammala digirina a fannin harshen Hausa, na nemi aiki a gida har takalmina ya gaji, sannan na bi ayari na sauka Sabha, da yaƙinin cewa ƙasar da ke tayar da bene a kowace kusurwa ba za ta rasa kujera guda ga mai ilimi ba. Kujerun kam akwai su. Sai dai ba a sami wanda ya tambaye ni ƙa'idojin karin sauti ba (a nan na fi ƙwarewa). Abin da aka tambaye ni, a wani wurin gini can bayan gari, shi ne ko zan iya hawa bene da buhun siminti. Yunwa ta riga ni amsawa.

Na kama ɗaki a unguwar Mahdiya, bayan kantin Baba Idi, wani dattijo ɗan Damagaram da ya daɗe a garin har yana ciniki da Larabci kamar a nan aka binne cibiyarsa. Sauran mazauna gidan leburori ne 'yan Nijar, kuma tun ranar farko suka raɗa mini suna Mushe, wato malamin boko. Na karɓi sunan hannu biyu. Na shaida musu cewa a ofishin wani kamfani nake aiki. Duk wanda ya ce "biro" sai in gyara masa in ce "ofis" (daga baya na tuna cewa duka biyun aro ne, amma a lokacin nawa aron ya fi mini kama da gado).

Kowace safiya nakan fita da riga gogaggiya da jaka a hannu. Sukan nufi unguwar Jadid inda ake ɗibar masu aikin yini, ni kuwa in hau motar da ta yi wata nahiya. A bayan tarin bulo nake sauya tufafi. Da yamma in wanke jiki tas, in mayar da rigar, in dawo ina ƙorafin yawan takardu.

Ana cikin haka wani ƙullutu ya fito a saman kafaɗata. Da farko kamar ƙwan zabuwa, daga baya ya doshi lemon zaƙi. Ba ya zafi, sai dai rigata ta fara zama a karkace. Na yi karatun da ya isa ya tsoratar da ni, bai kai wanda zai kwantar mini da hankali ba, don haka na yanke wa kaina hukuncin ciwon daji. Na nuna wa Baba Idi. Ya latsa, ya sake latsawa, ya dube ni ya daɗe.

"A biro ka ce kake aiki ko, Mushe?"

"A ofis, Baba."

"To, sai lokotoro."

Ya rufe kantinsa ya raka ni asibiti wurin lokotoron, wato likita, don ya yi mini tafinta, domin Larabcina na littafi ne, wanda ba ya iya tambayar inda bayi yake. An ɗauki hoton ƙashi, ƙashi lafiya lau. Likitan, wani Balarabe mai fara'a, ya ce wannan hoton ƙashi kawai yake gani. In ana son sanin abin da ke cikin tsoka, kitse ne ko ruwa ko wani mugun abu, sai na'urar maganaɗisu, wadda su ke kira ranin.

Ranar da aka ba mu, aka raba ni da duk wani ƙarfe, agogo da bel da alƙalamin da nake saƙalawa a aljihu don jama'a su gani. Aka kwantar da ni, aka tura ni cikin wani rami fari mai ƙunci, aka ce ko motsi kada in yi. Baba Idi ya riga ya gargaɗe ni cewa ƙartai ma kan yi kururuwa a ciki saboda ƙara. Ni kuwa da ta fara bugawa sai na ji kamar na isa wurin aiki: sak injin fasa kankare. Saura kaɗan barci ya ɗauke ni. Ma'aikacin na'urar ya yaba da jarumtata, na karɓi yabon ban yi bayani ba.

A ɗakin likita aka jera hotunan a jikin allo mai haske. Ga kafaɗata an yanka ta sala-sala kamar burodi, ba tare da wuƙa ta taɓa ni ba. Likita na nunawa da alƙalami, Baba Idi na fassarawa.

"Ya ce farin nan kitse ne. Baƙaƙen zaren nan kuma kanta ce, nama ne da ya taurare. Ya ce bai shiga tsoka ba, bai taɓa ƙashi ba."

Na yi hamdala. Sai likita ya ajiye alƙalamin ya jefo tambaya.

"Ya ce mene ne aikinka?"

"A sanar da shi ma'aikacin ofis ne ni."

Fara'ar likita ta ragu. Ya koma ga hotunan, ya yi dogon bayani.

"Ya ce abin ya ɗaure masa kai. Da ɗan dako ne kai, da ya ce ka tafi gida, jiki ne ya gaji da kaya ya yi wa kansa gammo. Amma mai zaman kujera ba shi da dalilin yin irin wannan. Ya ce tun da haka ne, sai an ciro yanki daga ciki an aika Tarabulus a bincika."

Mai karatu, ina roƙon a yi mini adalci wajen rubuta tarihi: na ce a ciro. Da bakina na faɗa, da murya irin ta masu karanta labarai a rediyo. Mutuncina ya ci gaba da tsayawa da ƙafafunsa har zuwa lokacin da ma'aikaciyar jinya ta shigo da faranti, a kansa akwai allura mai kaurin tsinken tsire.

Na gyara murya. "Baba, a ƙara wa likita bayani cewa aikin nawa ya shafi sashen jigilar kayayyaki."

Ya fassara. "Ya ce waɗanne kaya?"

"Kayan gini."

"Daga ina zuwa ina?"

"Daga ƙasa zuwa hawa na uku."

"Ya ce da wace mota?"

Na dubi allurar. Na dubi Baba Idi, wanda fuskarsa ba ta nuna komai ba, kamar mai auna sukari.

"Da kafaɗar dama," na ce.

Duk wannan jawabi da na gina hawa-hawa, Baba Idi ya juya ya miƙa wa likita shi a kalma guda: "Hammal." Wato ɗan dako. Likita ya yi dariya har da dukan tebur, ya sa aka fitar da farantin. Ya ce in riƙa sa tsumma a ƙarƙashin kaya, in riƙa sauya kafaɗa, in kuma abin ya ƙaru ko ya soma zafi in dawo.

Muka hau mota muka koma gida. Sai da Baba Idi ya buɗe kanti ya zauna, sannan ya janye wuyan rigarsa. Ga ƙullutu nan a kafaɗarsa, uban nawa.

"Kafin kanti, buhu na ɗauka," in ji shi.

"To Baba, tun da ka san abin, me ya hana ka gaya mini tun ranar da ka latsa?"

"Ka ce a biro kake, ɗana. Ni ina na san ciwon 'yan biro?"

Washegari da na fito da rigata gogaggiya, na tarar da gammo sabo na tsohon zane a rataye a ƙofar ɗakina, mutanen gidan kuma suna tsaye suna jira. Wani daga cikinsu, Sale, ya ce, "Mushe, yau mu tafi biro tare. Ka san mudir, shugaban wurin, ka sa mana baki."

Na buɗe baki in gyara masa kalmar, sai na fasa. Na ɗauki gammon, na bar jakar.

Abin da na koya shi ne, riga ce kawai ke jin dutsen guga, kafaɗa ba ta ji. In kuma ƙarya ta zama dole, a yi wa wanda ba shi da maganaɗisu.