Ranar da Kekena Ya Halarci Suna

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kai ni in riƙa neman hulata tana kaina, da safiyar Talatar da na faɗa tsakiyar taron suna a kan keke, ba gayyata ba sallama. Har gobe in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Abin da ya ƙara wa lamarin muni kuwa, ni malamin labarin ƙasa ne. Taswira nake koyarwa, da ita nake ciyar da iyalina.

Ni mutumin Ɓaɓura ne, aiki ya kawo ni wata sakandare da ke bayan garin Kazaure. Lokacin da kuɗin mai ya yi tashin da ya yi, sai na jingine babur a zaure, na lulluɓe shi da buhu, na sayi keke na hannu. (Na ce wa matata likita ne ya ce in riƙa motsa jiki. Ta ce to, Allah ya ƙara wa likitan lafiya, shi da gidan man duka.)

Ashe mallakar keke daban, sanin inda za ka bi da shi daban. A garinmu ƙasa a shimfiɗe take, yashi ne kawai abokin gabarka. Kazaure kuwa duwatsu ne, ka hau nan ka gangara can. Da farko kwalta na riƙa bi, ina gogayya da tireloli da 'yan adaidaita sahu da 'yan acaɓa, kowa yana ganin mai keke kamar bai biya kuɗin hanya ba. Rannan wata tirela ta hura mini iska sai ga ni a kwata. Wani lokaci kuma cunkoso ya riƙe ni. Sau biyu ke nan na makara.

A makarantarmu akwai littafin sa hannu. Ƙarfe takwas saura kwata daidai, mataimakin shugaba yake ɗora rula ya ja jan layi, duk wanda ya zo bayan nan sunansa a ƙasa zai zauna. Shugaban makaranta ya kira ni ofis ya ce, "Malam, bana ce shekarar ƙarin girmanka. Sau biyu sunanka na ƙasan layi. In aka yi na uku takardar tuhuma ce, kuma a fayil ɗinka za ta kwana." Shekara huɗu ina jiran ƙarin girman nan, har na riga na yi wa matata alkawarin keken ɗinki a kansa.

A nan ne Baba Sule ya shigo labarin. Shi ne masinjan makarantar, dattijo siriri mai farin gemu, da wani baƙin keke da ya girme ni a aikin gwamnati. Kullum cikin farar riga yake zuwa, kuma wallahi ko ɗigon taɓo ba za ka gani a jikinta ba, ko da an kwana ana ruwa. Shekara ashirin da shida yana aiki, sunansa bai taɓa sauka ƙasan jan layi ba. Shi ba ya faɗa, mutane ne suke faɗa masa, in an faɗa sai ya sunkuyar da kai yana murmushi. Kowa ya san abin yana ransa.

Da yake gefen gari ɗaya muke zaune, na roƙe shi ya nuna mini hanyarsa. Washegari na bi bayansa, na ga ikon Allah. Mutumin nan ko sau ɗaya tayarsa ba ta taɓa kwalta ba, sai inda muka tsallaka ta. Muka fita ta bayan gari, muka zagaya gindin wani dutse ta wata 'yar siririyar hanya da ƙafafun mutane suka daddaɓe, muka bi gefen gonaki, muka shiga burtalin da makiyaya suke kora shanu. Yana tafe yana yi mini bayani ba tare da ya waiwayo ba. "Nan ka riƙe hagu, dama duk tsidau ne, zai huda maka taya." Can gaba kuma, "Da rani ta cikin gonar nan nake ratsawa, amma yanzu an yi shuka, haƙƙin mutane ne." Ya san kwarin da ruwa yake kwanciya, ya san lokacin da shanun Arɗo suke fitowa, ya san gidan da karensu ba shi da kunya. Bai yi sauri ba, bai tsaya ba. Minti talatin da biyar muka isa, ko gumi ban yi ba.

Mai hankali da ya gode wa Allah ya riƙe wannan hanya. Ni kuwa da na koma gida sai ilimi ya motsa. Na buɗe taswirar waya, na zana a takarda, har da ɗauko zare ina aunawa. Sai na ga ai Baba Sule wani uban zagaye yake yi. Ga hanya nan miƙaƙƙiya ta cikin tsohuwar unguwa, lungu-lungu, babu mota babu tirela, ko rabin tasa ba ta kai ba. Na ce Allah sarki, tsoho shekara da shekaru yana wahalar da ƙafafunsa saboda rashin karatu.

Ranar Litinin, a ɗakin malamai, na ɗauki alli na zana hanyoyin biyu a allo ina yi wa abokan aiki lacca. Ina cikin yi Baba Sule ya shigo da wasu fayil-fayil. Ya tsaya ya kalli zanen sosai, sannan ya ce, "Malam, hanyar nan da ka zana tana nan, ban ce babu ita ba. Amma ka ƙirga ƙofofi?"

Na ce, "Waɗanne ƙofofi kuma, Baba?"

Ya ce, "Kuma gobe Talata, a lungun nan na gangare akwai..."

Ban bari ya ƙarasa ba. (A nan ne ya kamata wani mai ƙaunata ya toshe mini baki.) Na ce, "Baba, ma'auni ba ya ƙarya. Gobe ina zaune ina shan shayi za ka same ni." Aka yi dariya. Shi ma ya yi murmushi ya ce, "Allah ya kai mu goben."

Talata na yi wanka a tsanake, na ƙara kofin koko na biyu, ban fita ba sai bakwai da minti goma. A lissafina kwata ɗaya ta ishe ni.

Ban yi nisa ba na gane ƙofofin da Baba yake nufi. Ina shan kwanar farko sai ga dattawa huɗu a kan tabarma a ƙofar masallaci. To, ɗan mutunci ba ya wuce manya yana ɗare a kan sirdi. Na sauka, na ja keke, na durƙusa. Ina kwana, ina gajiya, ya ruwa, ya iyali. Ɗaya ya ce ɗan wane ne kai? Da na ce daga Ɓaɓura nake sai fuskarsa ta washe, ashe ya yi fataucin shanu a kasuwarmu, kuma sai da ya tabbatar ko ya san kakana. Na samu na zame. Ban taka feda sau ashirin ba sai ga ƙofar mai unguwa, shi ma da mutanensa. Na sake sauka. Ƙofa ta uku wani tsoho ne da jikarsa take ajina, yana so ya ji ko tana ƙoƙari. Na duba agogo, bakwai da ashirin da biyar, ni kuwa ko rabin gajeriyar hanyar tawa ban ci ba.

Nan shaiɗan ya raɗa mini shawara, na karɓa hannu bibbiyu. Na ce daga yanzu ko wa na gani ban gan shi ba. Na danna hula har gira, na sunkuyar da kai, na haye wani tudu ina haki, na sako gangare a guje. Na manta cewa robar birkina ta cinye tun makon jiya ina cewa gobe zan gyara, ga shi an yi yayyafi da asuba.

Ina karya kwana na ga lungu cike da mutane maƙil, bango zuwa bango, a kan tabarmi. Ga rago a ɗaure. Ga liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, ana tsakiyar addu'a. Na matse birki, birki ya ce bai san zancen ba. Sai na yi abin da har yau ban yafe wa kaina ba, na hau buga ƙararrawa. Ƙararrawa fa, a tsakiyar addu'a, kamar su ne suka tare mini hanya.

Na bi ta kan takalman jama'a, na yi awon gaba da farantin dabino da goro, na wuce ƙafar wani tsoho da tazarar da ba ta fi yatsa ba. Rago ya zabura ya ja igiyarsa ta tare mini taya. Keke ya daki bango, ni kuma na yi sama na sauko a kan gwiwoyina daidai gaban liman, hannuwana a buɗe. Wasu da idonsu ke rufe ba su san me ake ciki ba, suka shafa suka ce amin.

Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai tayar baya tana juyawa. Can maroƙi ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ga wani babban baƙo ya iso, da gudummawarsa ta keke!" Wasu suka fashe da dariya, amma ba kowa ba. Wani ƙato, ashe uban jaririn ne, ya miƙe yana huci. "Kai wane irin mutum ne? Da ka karya mana tsoho fa?" Na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai na ga farar riga ta taso daga cikin taron. Baba Sule ne. Ashe kakan jaririn amininsa ne, ya zo da wuri ya yi barka, ya ajiye kekensa a bakin lungu don ya fice a kan lokaci. Sunan da ya so ya gaya mini jiya ke nan na katse shi. Ya zo ya durƙusa gaban kakan, da furfurarsa da komai, ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, ɗana ne. Baƙo ne a garin. Laifina ne, ni ne ban nuna masa hanya da kyau ba."

Wallahi da mari ya ɗauke ni da shi da ya fi mini sauƙi. Alhaji ya ce ba komai, Allah ya tsare gaba. Muka tsince dabino ɗaya bayan ɗaya, ina ba da haƙuri har ga waɗanda ban taka ba.

Da muka fito bakin lungu na duba kekena, tayar gaba ta lanƙwashe ta koma lamba takwas. Agogo ya ce bakwai da rabi. Na ce shi ke nan, ƙarin girma ya tafi. Sai Baba Sule ya turo mini baƙin kekensa.

"Hau. Ka bi bayan gidan nan mai bishiyar darbejiya, za ka faɗa burtali. Ka riƙe hagu. In ka tarar da shanu kada ka buga ƙararrawa, ka yi wa makiyayin sallama, zai buɗa maka."

Na ce, "Haba Baba, kai fa? Ai za ka makara."

Ya ce, "Kai ne mai biyu a ƙasan layi. Ni ba ni da ko ɗaya, zan iya ɗaukar guda. Tafi, kana ɓata lokaci."

Na hau ina jin ƙwalla. Komai yadda ya faɗa haka na tarar, har shanun, har makiyayin da ya amsa sallamata ya kaɗa su gefe da sandarsa. Na sa hannu saura minti biyu, mataimakin shugaba yana tsaye da rularsa.

Takwas da rabi Baba Sule ya shigo, ya ɗage tayar gaban kekena yana jan sa a ƙafa, farar rigar nan duk baƙin man sarƙa. Ya karɓi biro, ya yi bismilla, ya rubuta sunansa a ƙasan jan layi, shi kaɗai a wurin. Na ruga ofishin shugaba na zayyana masa komai, ban rage ko ƙararrawar ba. Ya yi dariya har da share hawaye, sannan ya ce abin da aka rubuta da biro ba ya goguwa. Na dawo ina ba Baba haƙuri, ya ce, "Bar shi, Malam. Ka dai gyara birkinka."

Ƙarin girma ya fito, matata ta samu kekenta na ɗinki. Jaririn nan kuwa, sunan da liman ya raɗa masa yana nan, amma duk lungun Mai Keke suke kiransa, kuma in na wuce (a ƙafa, ina jan keke, da sallama) sai an ɗago shi an ce ya gai da baƙonsa.

Darasin da na koya bai da yawa. Kafin ka zaɓi hanya a garin mutane, ajiye zare da taswira, ka nemi wanda ya san ƙofar da dattawa suke zama da gidan da aka haihu kwana bakwai da suka wuce. Yanzu kullum kafin a tashi sai na leƙa wurin Baba Sule na ce, "Baba, gobe ta ina?" Har yau ina koyar da taswira, kuma ɗalibaina suna ganin na iya. Amma duk safiya in na zo sa hannu, sai na ji hannuna yana so ya koma baya ya buɗe shafin nan na ranar Talata, inda sunana yake zaune lafiya lau a sama, nasa kuma a ƙasa, a gurbin da nawa ya kamata ya kasance.